Matasan Minna, Kada Ku Ba da Ƙuri'a Sai da Sharaɗi

Ranar da kuɗin lamunin karatu na NELFUND suka shigo wayar ƙanena, gidanmu ya ɗauki murna, har Inna ta ce a yi sadaka. Ni kuwa zuciyata ce ta yi baƙi. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu, bai taɓa karɓar albashi ba, ga sunansa a littafin masu bashi. Da la'asar ya ɗauki ƙwallo ya fita, ba a jima ba ya dawo. Filin da muka taso muna bugawa a unguwarmu an yanka shi fuloti-fuloti, shaguna sun hau kai, ɗaya filin kuma na makaranta ne, an kewaye shi an sa kwaɗo. Ya ajiye ƙwallon ya koma kan waya.

Ban ce lamunin ba shi da amfani ba. Shugaba Tinubu ya sa wa dokar hannu a Yunin 2023, aka gyara ta ya sake sa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Babu kuɗin ruwa. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi naira 20,000 duk wata, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashinsa. Yara da yawa da sun bar karatu ba don shi ba. Amma me ya kai ɗan talaka ga cin bashin? An cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, jami'o'i suka ƙara kuɗin rajista, mudun shinkafa ya fi ƙarfin uba. Ɗalibin da yake kwana a Bosso yana zuwa aji a Gidan Kwano, ku lissafa masa kuɗin zuwa da dawowa na wata guda, ku gaya mini abin da ya rage a cikin dubu ashirin ɗin nan. An ɗauke nauyin da ya kamata gwamnati ta ɗauka an aza wa yaro a wuya, sannan ana so ya yi godiya. A 2025 ma sai da hukumar ICPC ta shiga binciken zargin cewa wasu makarantu a ƙasar nan suna wasa da kuɗin. Ko sun isa hannun yaro ko ba su isa ba, sunansa ne a rubuce.

Sai maganar fili, wadda manyanmu suke ɗauka wasan yara. Garin nan ne ya haifi Niger Tornadoes, ƙungiyar da ta ɗauko Kofin FA na ƙasa a 2000. Wannan ƙungiya ta yi kakar wasa da dama tana karɓar baƙi a Lokoja da Kaduna, ga filin Bako Kontagora a gida bai cika sharuɗɗa ba. In ƙungiyar jiha ta sha wannan, ina ga yaron Limawa ko Maitumbi? 'Yan mata kuwa ba a ma sa su a lissafi. Ina yarinya za ta je ta yi gudu ko ta buga ƙwallon raga cikin mutunci, ba tare da an tare ta a hanya ba? Likitoci kullum suna faɗa mana hawan jini da ciwon suga suna kama masu ƙananan shekaru, a riƙa motsa jiki. A ina? A tsakiyar titi, tsakanin Keke Napep da tirela?

A Afrilun 2025, da rikicin 'yan sara-suka ya yi ƙamari, Gwamna Umaru Bago ya hana babura da Keke yawon dare, ya kuma ce a kama masu tara gashi a yi musu aski. Ni ma na ji tsoron yaran nan masu adda, ba zan ɓoye ba. Amma yaron da ya gaji liƙis a filin ƙwallo da yamma ba shi da ƙarfin yawon dare. Gwamna ya wakilci Chanchaga a Majalisar Wakilai tun daga 2011 har 2023, ya san unguwannin nan lungu-lungu. Ya san almakashi ba ya maye gurbin fili.

Ku kuma matasa, fushina bai tsallake ku ba. Duk zaɓe ku ne masu manna fosta, ku ne a bayan a-kori-kura kuna ihu, a ba ku riga da dubu biyu ku watse. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ya sa in sun hau ba sa ɗaga wayarku, sun riga sun biya. Alhali kun ga ƙarfinku da idonku: a Fabrairun 2024 mata da matasa suka tare hanya a Kpakungu saboda tsadar rayuwa, ƙasar nan gaba ɗaya ta juyo ta dubi Minna. Tun 2018 kuma doka ta ba ɗan shekara 25 damar neman kujerar majalisar jiha da ta wakilai. Me kuke jira?

Ga 2027 tafe. Duk ɗan takarar da ya shigo unguwarku, ku zaunar da shi a gaban mai unguwa. Ya faɗa nawa zai nema a ware wa tallafin karatu na jiha, kyauta, wanda ake biya a kan lokaci, don yaranmu su rage cin bashi. In Abuja yake nema, ya faɗa ko zai tsaya a yafe bashin ga wanda ya yi shekaru ba aiki. Ya nuna da yatsa filin da za a yi wa takarda da sunan al'umma a mazaɓarku, da ranakun da za a keɓe wa mata, da filayen makarantun gwamnati da za a riƙa buɗewa bayan an tashi. Ku ɗauki maganarsa a waya, ku sa ya sa hannu. Wanda ya ƙi, ku mayar masa da rigarsa, ku tsayar da ɗaya daga cikinku.