Wasiƙa a Buɗe ga Masu Kemis Kan Aikin Ƙoda da Mafitsara

Zuwa ga masu shagunan sayar da magani na birni da ƙauye.

Ƙoda biyu gare ɗan'adam, suna can ciki ta baya, dama da hagu da ƙashin baya, daidai ƙarƙashin haƙarƙari. Tsawon kowace bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, amma kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinsu yake bi. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan 1 waɗanda ido ba ya gani. Kowace matata dunƙulen siraran jijiyoyin jini ce haɗe da wani siririn bututu. A dunƙulen ake tace jini, kamar yadda rariya ke sakin gari ta riƙe tsaki: ruwa da gishiri da suga da dattin jini su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Ruwan da ake tacewa a kwana guda yakan kai lita 180, sai dai bututun na mayar da kusan dukkansa cikin jini tare da abin da jiki ke so. Ragowar, kimanin lita 1.5, shi ne fitsari.

Daga kowace ƙoda fitsari na gangarawa ta bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 ya taru a mafitsara, wadda ke ɗaukar kusan rabin lita. Hanyar fitarsa waje a jikin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa takan kai 20. Shi ya sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin isa mafitsarar mata. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata tsoka da likitoci ke kira furostet. Idan shekaru suka ja takan kumbura ta matse hanya, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, wanda ya taru ya koma yana danne ƙoda.

Aikin ƙoda bai tsaya ga fitsari ba. Ita ke daidaita ruwa da gishirin jiki, tana da hannu a hawa da saukar jini, tana fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jan jini, tana kuma kammala sarrafa bitamin D domin ƙarfin ƙashi. Saboda haka mai ciwon ƙoda yakan haɗa ƙarancin jini da hawan jini da kasala.

A nan ne aikin mai kemis ya shigo, domin magunguna da yawa ta ƙoda suke barin jiki. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna toshe sinadarin da ke buɗe jijiyar da ke kai jini matatai. Lebura ko manomin da ya yini a rana yana zufa, ya zo da yamma ya ce a ba shi haɗin ciwon jiki, aka ƙulle masa biyu ko uku daga cikinsu a leda ɗaya, an rage wa ƙodarsa jini a lokacin da take ƙishinsa. Haɗarin ya fi yawa ga tsoho, da mai gudawa ko amai, da mai hawan jini ko ciwon suga, cututtuka biyun da suka fi kassara ƙoda a duniya. Paracetamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙi a gare su. Allurar gentamicin kuwa taruwa take yi a bututun matatai ta lalata su, ba ta dace da duk wani ƙorafin "sanyi" ba.

Ƙoda ba ta da saurin kuka. Takan rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba, kuma ciwon baya ba shi ne ciwon ƙoda ba a mafi yawan lokuta. Alamomin da ya kamata mai kemis ya tura asibiti su ne kumburin ƙafa ko na fuska da safe, fitsari mai kumfa da ba ta saurin kwantawa, raguwar fitsari, yawan tashi fitsari da dare, da jini a fitsari. Ba wa mai kumburi Lasix a sallame shi ɓoye cuta ne kawai. Yaron da ke wanka a rafi ko dam yana fitsarin jini, tsargiya ake fara zargi, maganinta praziquantel ne gwargwadon nauyin jiki. Murɗa mai tsanani daga kwiɓi zuwa mara kuwa alamar tsakuwar ƙoda ce.

A yankin Gashuwa a jihar Yobe da Haɗejiya a Jigawa an daɗe ana kokawa da yawan masu ciwon ƙoda. Wanda ƙodarsa ta gaza, sai wankin ƙoda, galibi sau 3 a mako, kusan awa 4 kowane zama, ko kuma dashe, kuma duka biyun sun fi ƙarfin yawancin gidaje. Gwajin fitsari da na sinadarin kiriyatinin a jini ba su kai ko kusa da wannan tsada ba. Mai kemis da ya tambayi shekarun mai saye da cututtukan da yake fama da su, ya auna jininsa, ya daina haɗa magungunan ciwon jiki, ya kuma tura wanda ya dace wurin gwaji, ya sauke nauyin da ke kansa.

Wassalam.