Kafin ɗan Ƙanƙara ya taka ƙofar wurin bautar Hindu

A kasuwar Ƙanƙara, ko ta Sheme da ke Faskari, da wuya a rasa rumfar mai tura fina-finai a waya. Da 'yan kuɗi kaɗan ake cika wa yaro memori da fassarar Algaita, ya tafi da ita ƙauye ya yi mako yana kallo. Ko a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, fim ɗin Indiya bai katse ba, tunda shi ba ruwansa da sabis.

Saboda haka babu matashin da zai ce bai taɓa ganin wurin bautar Hindu ba. Ya gan shi sau ɗari a allon waya: jarumi ya hau matattakala, ya kaɗa ƙararrawa, ya tsaya gaban gunki yana kuka ko yana faɗa, kamar yadda Amitabh Bachchan ya yi a fim ɗin Deewaar na 1975. Tun shekarun 1950 da 'yan kasuwar Lebanon suka fara kawo waɗannan fina-finai gidajen siliman Arewa ake kallon wannan hoto. Har masu bandiri a Kano suka ari karin waƙoƙinsu suka mayar da shi yabon Annabi (SAW). Abin da ba a taɓa zama an yi wa mai kallo bayani ba shi ne ma'anar abin da yake gani.

Da can rashin sanin bai dami kowa ba, domin Indiya na nesa. Yanzu ta matso. Iyalai na sayar da gona ko shanu su kai mara lafiya dashen ƙoda a Delhi ko Chennai. Ɗalibai na tafiya karatu. A 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗaruruwa zuwa jami'o'in Indiya, wasu kuma iyayensu ke biya musu. Ko ɗan kasuwar da iyakarsa Dubai, tun 14 ga Fabrairun 2024 akwai katafaren wurin bautar Hindu a Abu Dhabi, a kan filin da mahukuntan Daular Larabawa suka bayar. Wanda ya raka mahaifinsa asibiti ya yi wata biyu a can, wata rana direban da ya saba da shi ko abokin karatu zai ce ya zo ya ga wurin ibadarsu. A ranar ne fim ke ƙarewa.

Ga Bahindu, zuwa irin wannan wuri karon farko babban al'amari ne. Suna kiran tafiyar “tirtha yatra”, wato tafiya zuwa mashiga, wurin da suka yi imani ana ƙetarawa daga zunubi zuwa tsarki. Akwai wurare huɗu a kusurwoyin ƙasar da ake fatan zagayawa kafin mutuwa: Badrinath a arewa, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Rameswaram a kudu. Akwai kuma taron Kumbh Mela da ke zagayowa tsakanin garuruwa huɗu, wanda na 2025 a Prayagraj ya ɗauki tun daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu, hukumomi suka ce an yi wanka a kogi fiye da sau miliyan 600.

A ƙofa ake fara cire takalmi, wasu wuraren har da bel da jakar fata. Ƙararrawar nan ta fim sallama ce, ana sanar da isowa. Daga nan sai layi, wanda kan kai sa'o'i, zuwa wani ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu a tsakiyar ginin inda gunkin yake. Tsayawar daƙiƙoƙi a gabansa ita ce maƙasudin tafiyar gaba ɗaya. Sunanta “darshan”, gani: mai bauta ya ga abin bautarsa, shi ma a imaninsa ya gan shi. Ba sahu, ba liman a gaba, ba huɗuba. Mai kula da ɗakin yana karɓar furanni da kwakwa da alewa ya miƙa, ya zagaya fitilar man shanu a gaban gunkin, mutane su shafi zafin wutar da tafin hannu su shafa a fuska. Sai a ɗiga musu jan gari ko toka a goshi, a mayar musu da wani ɓangare na abincin da aka miƙa, wanda suke kira “prasad”, su ci don neman albarka. Su kuma zagaya ɗakin, suna barin sa a hannun dama.

A Tirupati, kan tsaunuka a Jihar Andhra Pradesh, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga asibitocin Chennai, mutum fiye da dubu 60 kan bi wannan layi a rana ɗaya. Dubbai daga cikinsu, maza da mata, sukan aske kai ƙwal don cika alwashi. Hukumar wurin na tara gashin ta yi gwanjonsa ga masu haɗa gashin kanti. Mai yiwuwa amaryar da ta sayi “gashin Indiya” mai tsada a Kano tana ɗauke da alwashin wata mata ce daga can, ba ta sani ba.

Duk wanda ya yi aikin Hajji zai ji wasu abubuwan sun yi masa kama da abin da ya sani: aski, zagaye, cire takalmi, tanadin shekaru don tafiya ɗaya. Kamar a ido take kawai. Alhaji na ɗawafi yana barin Ka'aba a hagu, kuma ba ita yake bauta wa ba. Bahindu da ke gaban gunki yana ɗaukar cewa abin bautar ya sauka a cikinsa. Malaman Hindu da dama za su ce dukkan gumakan fuskoki ne na gaskiya guda, amma wannan bai sa abin ya zama tauhidin da aka karantar a makarantar allo ba. Gara a faɗi bambancin a fili, da a lulluɓe shi da sunan zaman lafiya.

To a nan ne sanin ma'ana ke da amfani. Baƙon da ya san cewa jan ɗigon goshi da shafar fitila da cin prasad ibada ce, zai iya tsayawa gefe ya kalli gini da sassaƙar dutse, in an miƙo masa ya dafa ƙirji ya yi godiya ya ce addininsa bai ba shi dama ba. Indiyawa sun saba da haka, domin a ƙidayar 2011 Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari na ƙasar, mutum sama da miliyan 170, kuma da su ake maƙwabtaka. Wanda bai sani ba kuwa, ko dai kunya ta sa ya miƙa goshi ya dawo yana cizon yatsa, ko ya ture hannun mai ba shi da ƙyama ya jawo wa kansa rigima a garin mutane. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba sam, yana da cikakken 'yancin cewa a'a tun daga mota. Malamai sun yi saɓani kan shiga wuraren bautar wasu don kallo, kuma tambayar tasu ce; sai dai ba za su amsa ta daidai ba in su ma fim kaɗai suka gani.

Ba kuma ko'ina ake maraba da baƙo ba. A Puri ba a barin wanda ba Bahindu ba ya shiga. A 1984 an hana Firaminista Indira Gandhi kanta, saboda mijinta ba Bahindu ba ne. A Tirupati ana ba wanda ba Bahindu ba takarda ya sa hannu cewa ya yi imani da abin bautar wurin. Musulmin da ba ya jin Turanci sosai zai iya ɗaukar ta fom ɗin rajista. Akshardham na Delhi, da aka buɗe a 2005, a buɗe yake ga kowa, amma ana karɓe waya da kyamara a ƙofa.

Batun waya ma abin tsayawa ne. Ɗabi'ar ɗaukar bidiyo ana dariya da Hausa, ana kiran mutane arna masu bautar dutse, a ɗora a TikTok, tana iya kai mutum gidan yari. Dokar Indiya ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda ya ci zarafin addinin wasu da gangan, kuma fassara bidiyo ba ta da wuya a yau. A Nuwambar 2020 an kama wani Musulmi ɗan ƙasar saboda ya yi sallah a harabar wani wurin bauta a yankin Mathura. Tun kafin dokar Indiya ma, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu, ta kuma faɗi dalili: kada su rama da zagin Allah.

Wannan ba yana nufin a rufe ido ga halin da Musulmin Indiya ke ciki ba. A 6 ga Disambar 1992 gungun masu tsattsauran ra'ayi suka rushe Masallacin Babri a Ayodhya, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan dubu biyu, kuma a 22 ga Janairun 2024 Firaminista Narendra Modi ya jagoranci buɗe wurin bautar Ram a filin. A Maris ɗin 2024 an far wa ɗalibai baƙi suna sallar asham a ɗakin kwanan Jami'ar Gujarat. Ɗalibin Najeriya na ɗauke da ƙarin kaya, na launin fata: a Maris ɗin 2017 an lakaɗa wa wasu daga cikinsu dūka a Greater Noida kan zargin da ba a tabbatar ba. Duk waɗannan dalilai ne na tafiya da ido a buɗe. Tsohuwar da ke layin Tirupati da jikanta a goye ba ita ta rushe Babri ba, kamar yadda manomin Sabuwa ba shi ne ɗan bindigar da ya sa ake tsoron sunan garinsa ba. Mutanen da aka sace musu ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, suka ga yadda duniya ta yi wa yankinsu kuɗin goro, sun fi kowa sanin ɗacin haka.

Zama da mai wani addini ma ba baƙon abu ba ne a kudancin Katsina. Maguzawa, Hausawan da suka riƙe bautar iyaye da kakanni, sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma kusa da Musulmi, ana cin kasuwa ɗaya, kowa ya san iyakarsa: Musulmi bai cin yankansu, bai kuma shiga gidansu ya zage su. A fagen ilimi kuwa, kusan shekara dubu da suka wuce Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi guda kan aƙidun Hindu da al'adunsu, ya bayyana su yadda suke ba tare da ya bar Musuluncinsa ba.

Abin da ya rage shi ne shiri. Maniyyacin Hajji daga Faskari na samun makonni na bita kafin ya hau jirgi, alhali zai je ƙasar da ya san alƙiblarta tun yana yaro. Mai zuwa Indiya kan tafi da biza da takardar asibiti kawai. Ya kamata hukumomin da ke ba da tallafin karatu, da dillalan da ke haɗa marasa lafiya da asibitoci, su riƙa zaunar da matafiyi ko da na awa ɗaya, su ba shi takarda shafi guda da Hausa. Masu fassara fim su ma suna da rawar takawa, tunda su ne malaman Indiya na farko ga yaron ƙauye. In jarumi ya tsaya gaban gunki, jimla ɗaya ta bayani ta fi barkwancin da ake cike wurin da shi. Malaman Islamiyya kuma su nemi tsofaffin ɗaliban da suka zauna a can su ji daga bakinsu kafin su ba da fatawa.

A saman takardar bitar, kafin ma a zo batun gunki, a rubuta batun kilishi. Bahaushe ba ya tafiya ba guzuri, kuma a yankin da arziki shanu ne, kilishi da dambun nama su ne farkon abin da uwa ke cusa wa ɗanta a jaka. Saniya abin girmamawa ce ga Hindu, jihohi da dama sun haramta yanka ta, a Gujarat hukuncin ya kai ɗaurin rai da rai tun 2017. A Satumbar 2015 taron jama'a suka kashe Mohammad Akhlaq a wani ƙauye kusa da Dadri kan jita-jitar cewa akwai naman saniya a gidansa. Dadri na gunduma ɗaya da Greater Noida, inda ɗaliban Najeriya da yawa ke haya.