Zauren 'Yan Mata: Waƙar Wa Ake Liƙi?

Wata ƙanwata daga Gyallesu ta aiko wasiƙa, wai wata zabiya ta ɗauke waƙar kamun da ta ƙirƙira, har ana ta zuba mata liƙi. Ƙanwata, dole ki ji ciwo. Kun tuna rawar Amitabh a fim ɗin Hum na 1991? Ai kiɗan Mory Kante ne ɗan ƙasar Gini, "Tama", na 1987. Indiyawa suka kwashe, ko sunansa ba su sa ba, mu kuwa muna ta tafi!

Ki je wurinta da dattijuwa, ta riƙa ambaton sunanki, ta ware miki kasonki. In ta ƙi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Amma fa ki naɗi muryarki yau, da kwanan wata.