Akurkin Gidan Malami da Iskar Hunturu

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, kowace shekara da zarar an kammala girbi, hazo ya rufe sararin sama daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, sai wata asara ta shigo gidajenmu wadda ba a taɓa sanya ta cikin ajandar taron reshe ba. Ita ce mutuwar kaji. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da reshenmu zai ɗauki wannan lamari a matsayin batun jin daɗin mambobi, ya kuma shirya masa tun kafin sanyi ya kankama.

Wanda bai san gidan malamin ƙauye ba zai iya cewa kaza ƙaramin abu ce. A Sarandosa da makwabtanta, kajin da ke kiwo a tsakar gida su ne asusun da ake buɗewa idan wata ya yi nisa. Da su ake sayen magani idan zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, da su ake fita kunyar baƙo, da kuɗinsu ake ɗinka rigar makaranta. Galibi kuma mallakin mata da yara ne. Uwargida ta ba ɗiyarta kaza guda, kazar ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, a haka yarinya ke fara koyon tattali kafin ta iya rubuta sunanta. Gwamnatin Kebbi ta amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, kuma dole ƙungiya ta ci gaba da bin haƙƙin kowane mamba. Amma albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, buƙata kuwa ba ta duba kalanda.

Me ke kashe kajin? Da yawa muna ɗora laifin a kan sanyi. Gaskiya ne sanyin Disamba da Janairu na kashe 'yan tsaki idan akurki a buɗe yake. Sai dai annobar da ke share gida baki ɗaya, wadda kaza ke yin zawo kore, ta saki fukafukai, ta riƙa gyangyaɗi, wani lokaci wuyanta ya murɗe, cuta ce da masana ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta cikin shekarun 1920. A Arewa ta fi yin ɓarna lokacin hunturu. Tana yaɗuwa ta numfashi da kashi da kwanon ruwa, har ta takalmin mai gida. Idan ta kama, ba ta da magani. Barkono da ɓawon maɗaci da ake jiƙawa, da kafso da ake fasawa a zuba cikin ruwa, ba sa kashe ƙwayar wannan cuta.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi, kuma a ƙasarmu ake yin sa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wani nau'i mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, shi ya sa ya dace da ƙauyukan da lantarki ba ya zama. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba ko ƙarama. Bayan kamar mako biyu kariya ta kama, sannan a maimaita duk bayan wata huɗu.

To, me ya hana mu? Kwalba guda tana isar kaji da dama, kuma idan an haɗa ta dole a ƙarar da ita nan take. Gidan da ke da kaji goma ba zai sayi kwalba don kansa ba. Ko ya saya, kajin unguwa tare suke kiwo, kuma 'yan tsakin da za a ƙyanƙyashe gobe suna cikin haɗari muddin cutar na yawo a makwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne ƙungiya ta fi mutum guda, domin muna da abin da ake buƙata: mamba a kusan kowane ƙauye, da rajista, da al'adar karo-karo.

Ga abin da nake kira gare shi. Reshe ya tuntuɓi ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, ya kuma nemi shawarar Tsangayar Aikin Gona ta jami'ar Aliero, don a koya wa malami guda da mace guda daga kowace mazaɓa yadda ake adana rigakafin da ɗiga shi. A ɗaure ranakun da zangon karatu, tun da zango uku muke yi a shekara, kusan wata huɗu tsakani. Na farkon zangon farko shi ne mafi muhimmanci, don shi ke riga hunturu. Kowane gida ya biya gwargwadon yawan kajinsa, a kuma buɗe ƙofa ga iyayen ɗalibai.

Akwai kuma abin da ke wuyan kowane gida. A toshe ɓangaren akurki da ke fuskantar arewa maso gabas da zana ko buhu, a bar kafar iska. A share kashi, a barbaɗa toka. A ƙara wa 'yan tsaki dusa da tsaki, domin ƙwari da ɗanyar ciyawa sun yi ƙaranci. Kada a kunna wuta kusa da zana, lokacin gobara ne. Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi. Mu kuma ji tsoron Allah, mu daina garzayawa kasuwar Jega da kajin da suka fara gyangyaɗi, domin asararmu ce muke sayar wa wani. Idan mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, a sanar da jami'in dabbobi, yara kuma su nisanci mushen. Tun Fabrairun 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna aka san alamominta na kama da na wannan cuta, ita kuwa tana iya kama mutum.

Na san wasu za su ce an kafa ƙungiya ne don albashi da ƙarin girma da fansho, kiwon kaji zai raba mana hankali. Damuwarsu tana da tushe. Amma wannan aiki kwana uku ne a shekara, kuma ba zai taɓa kuɗin gwagwarmaya ba. Malamin da bai ci bashi a tsakiyar wata ba ya fi ƙarfin tsayawa ranar da ƙungiya ta kira shi.

Muna koyar da yara a aji cewa rigakafi ya fi magani. Ina roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu a taro mai zuwa, a kuma gayyaci matan gidajenmu, tun da su ne masu kajin. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa mu ga bayan hunturu lafiya.