Daga Yamai zuwa ƙasashe goma: abin da tafiyar Moussa Maâzou ke koya wa matasan Tasawa da Mayahi

A watan Oktoban 2025 ƙungiyar Mena ta kammala wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026 a matsayi na biyu a rukuninta, bayan Maroko. Ba ta samu wucewa ba, amma sakamakon ya farfaɗo da tsohon buri a fadojin matasa da gidajen kallon ƙwallo na Tasawa da Mayahi: yaro ya fita waje, ya samu kulob, ya riƙe gida. Da yawa daga cikin ƴan wasan Mena na yanzu a ƙetare suke taka leda, kuma su ne madubin da yaran ke dubawa.

Kafin iyaye su sayar da rago ko su jinginar da gona saboda wannan buri, yana da kyau a duba tafiyar ɗan wasan Nijar da ya fi kowa shan hanya, wato Moussa Maâzou.

An haife shi a Yamai a 1988, ya taso a ƙungiyar soja ta AS FAN. A 2008 kulob ɗin Lokeren na Beljiyam ya ɗauke shi, shekara guda bayan haka CSKA Moscow ta Rasha ta saye shi a kan kuɗin da jaridu suka ce sun kusa Euro miliyan 5. A watan Oktoban 2010 shi ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da Nijar ta doke Masar da ita a Yamai, nasarar da ta taimaka wajen kai Mena gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012.

Sai dai a Moscow bai zauna ba. An yi ta ba da shi aro: Monaco, Bordeaux, Zulte Waregem, Le Mans. Daga nan ya wuce Étoile du Sahel ta Tunisiya, sai Vitória Guimarães da Marítimo a Fotugal, Changchun Yatai a Sin, Randers a Danmak, Ajaccio da Lens a Faransa, Ohod a Saudiyya, wani kulob a Isra'ila, sannan Jeunesse Esch a Luksamburg. Ƙasashen waje goma ke nan.

Mai kallo daga nesa zai ga ɗaukaka a wannan jeri. Wanda ya san kasuwar ƙwallo kuwa zai ga rayuwar ɗan ci-rani: gajeren kwantiragi, sabon mai horarwa, sabon harshe, kowace kaka mutum ya sake nuna kansa daga farko. Kuma wannan shi ne wanda ya dace, wanda aka saya da biliyoyin sefa, ya riƙe kambun ƙasarsa. Waɗanda suka tafi ta hannun dillalan bogi suka maƙale a wata ƙasa ba takardu, ba a ma rubuta sunayensu ba.

Abin da ya bambanta Maâzou da su, bayan baiwa, shi ne ya fita ta ƙofa. Yana da kulob da hukumar FENIFOOT ta sani, yana da lasisi, an ga wasansa a gasar ƙasa. A nan ne matsalar yankunan karkara take. Manyan kulob-kulob na Nijar akasarinsu a Yamai suke, kuma da yawa na hukumomi ne: soja, jandarma, ƴan sanda, duwan, kamfanin wutar lantarki. Jahar Maradi na da sunaye irin su Dan Kassawa da Jangorzo, amma a birnin Maradi suke. Yaron da ya yi fice a gasar hutun ƴan makaranta a wani ƙauyen Mayahi, ko a wasan unguwanni na Tasawa, yakan ɗauki kofi a yi masa tafi, a watse, ba wata takarda da ta nuna wane ne ya horar da shi, ko daga yaushe.

Wannan takarda kuɗi ce. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Idan cinikin ya kai Euro miliyan 1, wato kimanin sefa miliyan 656, rabon masu raino ya haura sefa miliyan 32. Tun watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Paris da ke bin diddigin waɗannan kuɗaɗe, yana dogara da rajistar ɗan wasa ta kwamfuta. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta cikin lissafi, ko da ita ce ta saya wa yaron takalminsa na farko.

Akwai kuma dokar da ya kamata kowane uba ya sani: in ban da wasu ƴan keɓantattun halaye, FIFA ta haramta kai yaron da bai cika shekara 18 ba wani kulob a wata ƙasa. Tun 2023 kuma sai wanda ya ci jarrabawa ya samu lasisin FIFA ke da izinin dillancin ƴan wasa. Saboda haka duk wanda ya zo gida yana neman kuɗin biza da na jirgi don ya kai yaro ɗan shekara 15 Turai, ko dai bai san doka ba, ko kuma ya san abin da yake yi.

Ba wai jahar ba ta taɓa ganin babbar ƙwallo ba. A 2019 filin wasa na Maradi ya karɓi wasu wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20. Shugaban FENIFOOT, Djibrilla Hima Hamidou, ya shiga majalisar FIFA a watan Maris na 2025, abin da ya ba Nijar murya a inda ake tsara kuɗaɗen raya ƙwallo. Tambayar ita ce ko wannan zai sauko har matakin gunduma.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi ba. Na farko, takardar haihuwa ga kowane yaro, domin ba a yin lasisi sai da ita, kuma rashinta ne ke buɗe ƙofar rage shekaru. Na biyu, ƙungiyoyin unguwanni su yi rajista da reshen hukumar ƙwallo na jaha. Na uku, gasar matasa mai ɗorewa tsakanin garuruwan gundumomin biyu, wadda ba ta jiran ɗan siyasa ya sa kofi lokacin zaɓe. Sannan yaro ya ci gaba da lakwal ko koyon sana'a, tun da ƙwallo kan ƙare tun mutum bai kai shekara arba'in ba.

Maâzou ya zagaya nahiyoyi uku, amma matakinsa na farko lasisi ne a wani kulob na gida. Wannan matakin ne yaron Tasawa da na Mayahi ke buƙata kafin a yi maganar jirgi.