Yajin aiki da kuɗin fansho: abin da na lura da shi a Kanada

Duk lokacin da na ji ƙungiyar ƙwadago ta ba da wa'adin yajin aiki, wanda ke fara faɗo min a rai shi ne tsohon ma'aikaci mai jiran fanshonsa ƙarshen wata. Ba ya cikin masu zama teburin tattaunawa, amma in aka rufe ofis, tukunyar gidansa ce ke fara yin sanyi.

Shi ya sa abin da ya faru a Kanada ya ja hankalina. Ranar 19 ga Afrilun 2023, ma'aikatan gwamnatin tarayya kimanin 155,000 na ƙungiyar PSAC suka tsunduma yajin aiki kan albashi. Aikin fasfo ya tsaya, sai dai na gaggawa. To amma fanshon CPP da kuɗin tsufa na OAS ba su yanke ba, domin dokar ƙasar ta tanadi a ware ayyukan da ba a dakatarwa tun kafin a fara yajin, a kuma san ma'aikatan da za su riƙe su.

Haka aka sake gani ranar 15 ga Nuwamban 2024, lokacin da ma'aikatan gidan waya wajen 55,000 suka ajiye aiki har tsawon wata guda. Wasiƙu da kaya sun jibge, amma akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyarsu ta CUPW da hukumar Canada Post cewa za a ci gaba da kai wa tsofaffi takardun cak na fansho. Kuma an kai.

Wani zai ce ai wannan rage wa yajin aiki kaifi ne. Ni ban ga haka ba. Gwamnati ake son a matsa wa lamba, ba dattijon da ya riga ya gama nasa aikin ba. Ranar da tsohuwa ta rasa kuɗin magani saboda yaji, ranar ce ƙungiya za ta rasa goyon bayan jama'a. Ma'aikatan PSAC ma ai ba su tashi a tutar babu ba, sun samu ƙarin albashi na kashi 12.6 cikin ɗari a shekara huɗu.

Sai dai fa da sauran rina a kaba. Wanda sunansa ya riga ya shiga kwamfuta, kuɗinsa kan faɗa asusun banki da kansa. Mai shan wahala shi ne sabon ɗan ritaya da takardunsa ke kan tebur, da matar da mijinta ya rasu tana neman haƙƙinta. Waɗannan sai ɗan Adam ya duba fayil ɗinsu, kuma nan ne jinkiri ke taruwa.

Don haka nake ganin duk inda gwamnati da ƙwadago za su ja daga, su fara rubuta wa zai biya fansho, wa kuma zai karɓi sababbin takardu. Tun ran gini ran zane. Mai yaji a yau, gobe shi ne a layin fansho.