Faranti a ka, ko talla a waya?

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horar da malamai ta Maradi, kuma har yau babu abin da ke ci mini rai a aji kamar kujerar yarinyar da na san tana nan lafiya lau, amma tana tasha da faranti a ka. Duk malamin firamare a Maradi, ko Damagaram, ko Tawa ya san wannan kujera. Mun yi wa iyaye wa'azi har mun gaji, su ma sun gaji da jinmu. Uwar da ke cikin gida tana soya ƙuli-ƙuli tana tatsar man gyada ba ta da wata ƙafa da za ta kai kayanta ga mai saye sai ta ɗiyarta. In ka ce mata ta bar yarinya ta zo lakkwal, tambaya ɗaya za ta yi maka, kuma ba ka da amsarta: to wa zai sayar?

Bara na yi ƙoƙarin amsa tambayar a gida ɗaya, shi ya sa nake wannan rubutu.

Yarinyar tana aji shida a wurina, mai kaifin kai a lissafi, amma rabin mako ba ta zuwa da yamma. Na je gidansu, aka yi mini iso, muka gaisa da mahaifiyarta daga bakin zaure. Ta ce, "Mushe, ba ƙin karatu nake ba. Kayan ɗakinta daga wannan farantin za su fito." Na ce, "Hajiya, ban zo hana ki sana'a ba. Akwai babbar waya a gidan nan?" Akwai, a hannun yayan yarinyar da ke lise, yana kallon ƙwallo da TikTok da ita. Da shi muka zauna a tabarma ranar Asabar.

Abin da muka gwada shi ne abin da ake ta kira ƙirƙirarriyar basira. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, kuma Google ya biyo da nasa mai suna Gemini a yanzu, mutum na iya rubuta wa manhaja buƙatarsa ta mayar masa da rubutu cikin ƙiftawar ido. Ya kamata iyaye su gane yadda abin yake aiki, don kada a ɗauke shi malamin duba. An ciyar da na'urar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet, ta koyi wace kalma ta saba bin wace. In ka tambaye ta, jera maka kalmomin da suka fi dacewa take yi. Ba ta taɓa shiga Babbar Kasuwa ba, ba ta san nawa ake sayar da tiyar gyada yau ba. Abin da ba ka gaya mata ba sai ta cike gurbinsa da abin da ya yi kama da gaskiya.

Mun ga haka tun a gwajin farko. Yaron ya rubuta: a yi mana tallar ƙuli-ƙuli da man gyada. Sai ga dogon rubutu da Hausar rediyo irin ta Kano, farashi da naira, kuma wai man yana maganin ciwon zuciya, babu kamarsa a faɗin Afirka. Hajiya na ji daga cikin gida ta ce, "Ni ban ce ina sayar da magani ba." Muka gyara muka ce ƙulli ɗaya dala ashirin ne, a juya mana zuwa Faransanci saboda ma'aikata. Ta rubuta dalar Amurka ashirin. Mu a nan kowa ya san dala sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari biyu jika guda. Na'urar ta fi sanin dalar da ake faɗa a labaran duniya. Mun sha dariya, amma daga ranar muka kafa doka: kuɗi da lamba ake rubuta shi, 100 F, 1.000 F, kuma mutum ne zai duba shi kafin ya fita.

Daga nan na gane cewa aikin ba baƙo ba ne a wurin malami. Shi ne abin da aka koya mana a makarantar horo game da bai wa yaro umarni: in umarninka ya zama dunƙule, amsar ma dunƙule za ta zo. Na sa yaron ya ɗauki takarda ya rubuta abu shida kafin ya taɓa waya: me ake sayarwa, da wane awo, nawa, a wace unguwa, wane lokaci ake samu, kuma yaya za a biya, hannu da hannu ko ta Nita ko Amana ga na nesa. Sannan ya gaya wa manhajar su wa ake nufi da tallar, matan unguwa ne da masu tuwo-tuwo da masu tsire, kuma kada ta ƙara ko kalma ɗaya ta alfanun da ba a ba ta ba, kada ta wuce layi huɗu, ta kawo iri uku mu zaɓa. Abin da ya fito a wannan karon ya yi amfani. Muka cire kalmomi biyu da ba a faɗa a Maradi, muka sa namu.

Amma rubutun ba shi ya sayar da kayan ba. Yawancin masu sayen Hajiya ba karatun boko suke yi ba, bokal suke saurara. Don haka yarinyar ta karanta wa uwarta layukan, uwar ta maimaita da bakinta da irin gaisuwarta, aka ɗauki muryar aka tura a rukunin matan unguwa da na ƴan adashi, aka ɗora hoto a sitatu na WhatsApp. Amfanin na'urar a nan shi ne ta tsara magana, ta hana a manta farashi ko lokaci. Murya kuwa ta mai kaya ce, don ita aka sani, ita aka yarda da ita.

Maganar hoto ce na fi so iyaye su ji da kyau. Waɗannan manhajoji suna iya ƙera hoton abin da babu shi, kuma yara sun fi son wannan ɓangare fiye da komai. Matar wani abokin aikina tana yin kek da cincin na biki. Ɗanta ya ƙera mata hoton kek mai hawa uku da furanni, irin wanda ko a Yamai sai an tona. Aka yi oda don suna, ta kai abin da ta saba yi, mai daɗi kuwa, amma ba shi aka gani a waya ba. Uwar jego ta mayar da shi a gaban mutane, labari ya zaga unguwa kafin magariba. Wata uku ba ta samu oda ba. Ni ban ga bambancin wannan da jera manyan tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ba. Algus ne, ko da yaron bai yi niyya ba. A gidan Hajiya mun ɗauki hoton ƙuli-ƙulinta na gaske, da hantsi, a kan farar leda a tsakar gida, kwalbar mai a gefe rana na ratsa ta. Ya ishe.

Inda ban zata ba kuma nan abin ya fi amfani, wato lissafin riba. Hajiya ba ta taɓa sa kuɗin itace da na niƙa da na leda cikin uwar kuɗi ba. Muka jera wa manhajar duk abin da take kashewa a kan tiya goma, ta tsara shi a jadawali, sai ga shi man ne ke ɗauke da sana'ar, ƙuli-ƙulin da yarinya ke yawo da shi a rana ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Na sa yarinyar ta sake lissafin da hannu a kan allo, don na'urar takan yi kuskure a tarawa kuma ta faɗe shi ba kunya. A wuri ɗaya ta kama ta. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka a aji ba.

Wasu abokan aikina a ɗakin malamai suna cewa ina koya wa yara lalaci, gobe na'ura za ta rubuta musu insha'i. Ba na ce ƙarya suke ba, na kama biyu a bana. Sai dai wayar tana gidan tun kafin in je, kuma ba za ta fita ba don na ɗaure fuska. Yaron da bai iya karatu da fahimta ba ba zai gane an rubuta masa naira a maimakon sefa ba. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma ɗalibai nawa ne a ajinmu suka iya rubuta layi huɗu na Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ƴ? In ba su iya ba, duk abin da na'ura ta ba su shi za su haɗiye.

Akwai abin da na hana su kai tsaye. Littafin bashi ba ya shiga manhaja: sunayen matan da ake bi kuɗi da lambobinsu sirrin mutane ne, kuma abin da ka rubuta a can yana tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Yarinyar kuma ba ta amsa saƙon baƙon namiji, lambar gidan a hannun uwa da yaya take. Ba mu cire ta daga tasha don mu kai ta wata tashar a cikin waya ba. Sai kuɗin mega: sau ɗaya a mako ake shiga a shirya tallar mako, ba kullum ba, in ba haka ba ribar ta ƙare a kiredi.

Ba zan ce talla ta mutu a gidan ba. Ran Asabar da Lahadi yarinyar tana fita da faranti, kuma a watan azumi ta sake ɓace mini kwana huɗu. Amma masu tsire biyu da wata mai abinci kusa da tasha yanzu suna aiko da bokal, ɗan kabu-kabu ya zo ya ɗauki mai, kuma a rajistata ta zangon ƙarshe na ƙirga rashin zuwanta da yamma sau shida kacal. Jiya wata uwa daga layinsu ta aiko ɗanta ya tambaye ni ko ina da lokaci ran Asabar. Ita turaren wuta take yi.